Murjanina ya koma ruwan ƙasa, na sa magani, yanzu kuma yana fari

Baban_Sadik
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara tun abin bai fi ƙarfina ba. Tankina lita 300 ne, watansa goma sha huɗu da kafawa. Akwai kifi shida a ciki da murjani masu tauri kamar goma, yawancinsu Akrofora da Montifora. Wani reshen Akrofora da na samu wata biyar da suka wuce, ranar da na sa shi shuɗi ne shar, bakin rassansa shunayya. A hankali ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa kamar busasshen itace, duk da yana girma. Na auna fosfet da naitiret, sinadaran da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, na ga fosfet 0.25, naitiret 20. Sai na zuba GFO, maganin da ke tsotse fosfet, a riyakta, wato kwalbar da ruwan tanki ke ratsawa, na ninka abin da aka rubuta a jikin robar don in ga aiki da wuri. Cikin kwana huɗu fosfet ya sauka 0.00. Yanzu ruwan ƙasar ya tafi amma shuɗin bai dawo ba. Jikin ya koɗe, bakin rassa uku sun yi fari fat, Montifora ma ta daina fito da 'yan bakunanta. Alkaliniti, wato yawan kabonet a ruwa, 10.5 dKH, kalsiyam 430, maganiziyam 1300, zafi digiri 26, gishiri 1.025. Ni a ganina ruwan ya fi da tsabta. To me ya sa murjanin ya fi da shan wahala?

Malam_Nuhu
Wa alaikumus salam. Kafin komai ka kashe riyaktan nan yanzu, ka cire GFO ɗin. Sauran bayani ya biyo baya.

Abu_Hafsat
Malam Nuhu ya yi gaskiya. Baban Sadik, yunwa ka sa musu. A cikin naman murjani akwai wata gansakuka ƙarama da ido ba ya gani, ana ce mata zuzanteli. Ita ke karɓar haske ta haɗa abinci ta ba murjanin, kuma launinta ruwan ƙasa ne mai ɗan zinare. Idan naitiret da fosfet suka yi yawa sai ta hayayyafa ta rufe asalin launin murjanin, shi ne abin da ka fara gani. Murjani mai ruwan ƙasa ƙoshi ne ya yi masa yawa, yana iya shekara a haka lafiya lau. Wanda ya koɗe shi ne abin tsoro, domin gansakukar tana barin jikinsa. Ka ɗauke mata fosfet gaba ɗaya cikin kwana huɗu, ga naitiret yana nan 20 bai motsa ba. Wannan haɗin ya fi kowanne muni.

Injiniya77
Ni abin da ya tsaya mini shi ne alkaliniti 10.5. Farin bakin rassan nan da kake gani, a wannan sana'a ana ce masa ƙunar baki. Alkaliniti mai yawa yana sa ƙashin murjani ya yi saurin tsawo, naman kuma ba shi da abincin da zai bi shi ya rufe, sai bakin ya zama siriri haske ya cinye shi. Ruwan teku kansa kusan 7 dKH ne. Da fosfet ɗinka na 0.25 kana iya zama a 10.5 ba abin da zai faru. Da sifili kuwa ba zai yiwu ba.

Baban_Sadik
Na kashe riyaktan. Injiniya, in sauke alkaliniti zuwa 7 ke nan? Ina da ruwan da zan canza kamar lita 100 gobe.

Injiniya77
A'a don Allah. Kada ka gyara gaggawa da wata gaggawar. Ka rage maganin alkaliniti da famfon ɗigo yake zubawa, ka bar murjanin su ci da kansu, ya riƙa sauka kamar rabin dKH a rana har ya kai wajen 8. Sannan ka auna sabon ruwan da ka haɗa kafin ka zuba. Akwai gishirin da ake sayarwa wanda da ka dama shi yana ba da 11 ko 12, an yi shi ne don masu son saurin girma. In irinsa gare ka, canjin lita 100 ƙara ɗaga maka zai yi.

UmmuAbdul
Ku yi haƙuri, ni sabuwa ce, kifin ruwan daɗi kawai na taɓa kiwo. Ashe murjani dabba ne? Ni na ɗauka dutse ne mai launi.

Abu_Hafsat
Dabba ne 'yar'uwa, dangin kifin nan mai yauƙi da ke yawo a teku kamar lema. Dutsen da kike gani ƙashinsa ne, shi ke gina shi da kalsiyam da kabonet da yake tsotsa daga ruwa. Shi ya sa muke ta maganar alkaliniti da kalsiyam: kayan gininsa ne, kullum raguwa suke a tanki, dole a mayar. Duk dKH ɗaya da aka ci, kalsiyam yana sauka kamar ppm 7. Maganiziyam kuma shi ke hana su biyun haɗuwa su daskare a jikin hita da famfo, shi ya sa ake riƙe shi tsakanin 1250 da 1350.

Dattijo_Murjani
Na fi shekara ashirin ina wannan abu, kuma ina gaya muku yawancin murjanin da na gani sun mutu, mai su ne ya kashe su da ƙwazo. Lokacin da muka fara babu waɗannan na'urorin awo masu allo. Ruwan kalkwasa, wato ruwan farar ƙasa mai kalsiyam, muke ɗigawa da dare, mu canza kashi goma na ruwa duk mako, mu zauna mu kalli dabbar. Idan ta buɗe bakunanta, namanta ya yi kauri, mun san lafiya. Yau yaro zai ga lamba a allo, ya tashi tsaye ya hau zuba magani. Baban Sadik, ɗana, murjaninka yana girma ka ce da bakinka. Wanda yake girma ai bai kai ƙara ba. Da ka rage abincin kifi kaɗan, ka wanke sikima, na'urar da ke kwashe ƙazanta da kumfa, ka ba shi wata uku, da shuɗin ya dawo da kansa.

Sarkin_Awo
Baba Dattijo, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Ido yana ganin matsala ne bayan ta faru. Alkaliniti yana iya faɗuwa daga 8 zuwa 6 cikin kwana uku a tankin da Akrofora suka cika, kuma ranar da ido zai gani nama ya riga ya fara saɓulewa daga gindi. Awon bai yi laifi ba, abin da aka yi bayan awon ne ya ɓata. Kuma zamaninku murjanin da ake riƙewa yawanci masu haƙuri ne.

Dattijo_Murjani
Ban ce kada a auna ba. Alkaliniti ina auna shi sau biyu a mako har gobe. Na ce kada a mai da lamba alƙibla.

MamanIkram
Ni dai yawancin nawa masu laushi ne, zowa da irin masu kama da naman kaza, sai Yufiliya guda biyu masu tauri. Fosfet ɗina yana kai 0.2 kuma launinsu kamar an zana. Na taɓa sauke shi don na ga ana cewa 0.03 ne daidai, sai zowa suka tsuke suka ƙi buɗewa mako guda, wata ƙazanta mai yauƙi ruwan ƙasa ta rufe yashi, da rana ta yi kumfa, da dare ta ɓace. Dodon koɗina biyu suka mutu. Wata biyu na yi ina fama. Tun daga nan ban sake barin fosfet ko naitiret ya taɓa sifili ba.

Malam_Nuhu
Wannan da Maman Ikram ta kwatanta daino ne, wasu ƙananan halittu da ke mamaye tanki, kuma Baban Sadik shi ma yana bakin ƙofarsa in fosfet ya daɗe a sifili. Sun fi samun sarari idan ruwa ya zama fayau, sauran ƙananan halittun da ke gasa da su sun rasa abinci. Wasu irinsu suna da dafi, shi ya kashe dodon koɗin. Baban Sadik, ka ƙara wa kifi abinci kaɗan a kwanakin nan. Duwatsu da yashin tankinka sun sha fosfet na wata goma sha huɗu, za su riƙa sako shi a hankali, don haka kada ka firgita in ka ga ya hau 0.08 ko 0.1. Nan ma wuri ne mai kyau.

Hasken_Shuɗi
Kowa ya tafi kan sinadari, ba wanda ya tambayi fitila. Wace iri ce, awa nawa take kunne, kuma reshen yana wane tsayi? Launin da muke so a jikin murjani wasu furotin ne da shi kansa yake yi, kuma shuɗin haske ne ya fi tayar da su. Akrofora da aka ajiye a ƙasan tanki inda haske bai kai 150 ba a ma'aunin haske na PAR, zai yi ruwan ƙasa ko da ruwanka ya fi na kowa kyau, domin yana tara gansakuka ne don ya kama ɗan hasken da ya samu. Yawancinsu sun fi sakewa tsakanin 250 da 350. Ina zargin tun farko haske ne matsalarka.

Baban_Sadik
LED ce, awa tara. Reshen yana sama, kamar taƙi ɗaya daga saman ruwa. Ban taɓa auna PAR ba. Amma akwai abin da na manta ban faɗa ba: ranar da na sa GFO na sa sabon gawayin tacewa, ruwan ya yi garau har matata ta ce kamar babu ruwa a tankin.

Hasken_Shuɗi
To ka gani. Tsohon ruwa yana yin ɗan rawaya da ido ba ya lura, kuma rawayan nan yana tare shuɗin haske. Gawayi ya kwashe shi dare ɗaya, haske ya ƙaru a kan murjanin da aka hana abinci a rana guda. Ka rage ƙarfin fitilar kamar kashi ashirin na mako biyu ko uku, sannan ka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan.

Abu_Hafsat
Wannan ya yi daidai da binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa suka fitar a 2013 daga Jami'ar Southampton a Ingila. Sun nuna cewa idan naitirojin ya yi yawa fosfet kuma ya yi ƙaranci, gansakukar cikin murjani tana shiga yunwar fosfet, sai ta kasa jure zafi da haske, murjanin ya yi saurin fari. Tankin Baban Sadik ya haɗa duka ukun: naitiret 20, fosfet sifili, haske ya ƙaru. Mutanen ɗakin binciken nan kuma a 2020 sun bayyana dalilin da ya sa wani murjanin, maimakon ya yi fari, sai ya yi wani irin ƙyalli mai ɗaukar ido: gansakukar ta ragu, haske ya yi yawa a cikin nama, sai ya ƙara yin furotin mai launi don ya kare kansa. Don haka ba duk launi mai ƙyalli ne alamar lafiya ba. Ina faɗin haka ne saboda hotunan da muke gani a intanet muna sha'awa, wasunsu murjani ne da aka riƙe a bakin yunwa.

Sarkin_Awo
Tambaya ɗaya Baban Sadik. Da me ka auna fosfet? In na ɗigo ne mai kwatanta launi da kati, ƙasa da 0.1 ido ba ya rarrabewa sosai. In kuma na'urar Hanna mai allo ce, ka duba wacce. Akwai mai nuna fosfet a ppm, akwai mai nuna fosfaras a ppb, ita sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000. Na ga mutane da yawa sun rikita su. Sannan kwalbar gwajin, ko zanen yatsa a jikinta yana canza sakamako. Ka goge ta, ka riƙa sa ta fuska ɗaya kullum.

Baban_Sadik
Mai ppm ce. Na maimaita sau biyu, 0.00 duka.

Kifi_da_Gishiri
Ni labarina daban ne amma zai yi wa wani amfani. Shekara guda murjanina suna dushewa ɗaya bayan ɗaya, kore ya koma toka-toka, ja ya koma ruwan hoda. Duk awon da nake yi a gida daidai. Na canza gishiri, na canza fitila, na sayi kwalaben ƙarin sinadari kala-kala. Ƙarshe na tura ruwa ɗakin gwaji aka yi masa ICP, sakamako ya nuna ƙarafa sun yi yawa. Na kwashe komai na tankin ƙasa ina dubawa da tocila, sai ga maganaɗisun wani ƙaramin famfo, robarsa ta tsage ta baya inda ba a gani, ya kumbura, tsatsa ta fito ja kamar an barbaɗa. Da na taɓa shi ya marmashe a hannuna. Na cire, na yi canjin ruwa sau huɗu a wata guda, na sa gawayi. Wata na uku korayen suka fara dawowa. Duk wanda awonsa ya yi kyau amma murjani na ciwo, ya duba maganaɗisu, da hita, da duk wani abu mai jan ƙarfe da ya taɓa ruwa.

Zinariya_R
Tunda an zo kan ƙananan sinadarai, ni na yarda da su. Da na fara ƙara fotasiyam da ayodin, shuɗi da shunayya na Akroforana suka fito sosai cikin wata guda.

Injiniya77
Hajiya Zinariya, kin auna su kafin ki fara? Fotasiyam a ruwan teku kusan 400 ne, ayodin kuma kusan 0.06 kacal. In naki ya yi ƙasa kika cike, na yarda zai taimaka. In kuwa daidai yake kika ƙara, ayodin ba ya da nisa tsakanin isa da cutarwa. Kuma a watan nan ba abin da kika canza sai su?

Zinariya_R
Fotasiyam na auna, 340 ne. Ayodin ban auna ba, gaskiya, rabin abin da aka rubuta nake sawa. Na kuma sa famfon ɗigo a watan, da can da hannu nake zubawa sau ɗaya da safe.

Injiniya77
To ni famfon nake ba wa ladan. Zubawa sau ɗaya yana sa alkaliniti ya yi tsalle da safe ya faɗi da dare. Famfo ya raba shi sau ashirin da huɗu, murjani ya samu ruwa iri ɗaya dare da rana.

Zinariya_R
Wataƙila. Amma 340 ai ƙasa ne, kai ma ka faɗa. Ba zan daina ba.

Malam_Nuhu
Akwai wanda ba a taɓo ba, gishirin kansa. Baban Sadik ka ce 1.025. Da me ka daidaita rifraktomita, na'urar auna gishirin? In da ruwa zalla ne, wasu suna ba da kuskure a wajen 35 ppt. A nemi ruwan daidaitawa na 35 a gwada. Nawa ya taɓa nuna mini 1.026 alhali 1.023 nake, ina ta mamakin me ya sa kalsiyam da maganiziyam ba sa tsayawa. Gishiri in ya yi ƙasa komai na cikinsa ya yi ƙasa tare. Kuma ga sababbi irin Ummu Abdul: ruwan da ya ƙafe daga tanki ruwa ne zalla ya tafi, gishirin yana nan, don haka da tataccen ruwan RO marar gishiri ake cikewa, wanda TDS ɗinsa, wato awon abin da ya narke a ciki, sifili ne.

UmmuAbdul
Na gode Malam, na rubuta. pH fa? Ba wanda ya ambace shi, mu a ruwan daɗi shi muka fi dubawa.

Sarkin_Awo
Yana da muhimmanci, amma ya fi shafar girma a kan launi. Daga 7.8 zuwa 8.3 ba damuwa. Yana sauka da dare don ba haske, gansakuka ba ta shan iskar kabon, da rana ya hau. Abin da ya fi danne shi numfashin mutanen gida ne a ɗaki rufaffe. Ka buɗe taga ko ka ja bututun iskar sikima zuwa waje, za ka ga ya ɗaga. Kuskuren da ake yi shi ne a ga pH 7.9 a hau zuba maganin ɗaga shi, wanda a gaskiya alkaliniti yake ɗagawa, kafin a farga an kai 13.

Baban_Sadik
Wallahi abin da ya kai ni 10.5 ke nan. Na ga 7.9 na riƙa ƙara bekin soda a kan abin da famfo ke zubawa.

Injiniya77
Bekin soda ma ba ya ɗaga pH, in ka zuba ɗan saukar da shi yake yi da farko. Giram 3 a lita 100 yana ƙara kusan dKH ɗaya, ka lissafa abin da ka zuba. Ka daina wannan ƙarin kwata-kwata.

Dattijo_Murjani
In pH ne damuwarka, kalkwasa ya fi. Yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare a ma'auni daidai, yana kuma ɗaga pH. Amma ɗigo-ɗigo, domin ruwansa ya haura pH 12. Ba yanzu ba dai. Yanzu ka cire hannunka daga tankin nan.

Baban_Sadik
'Yan'uwa ga yadda ake ciki bayan mako uku. Fosfet ya hau 0.07 da kansa, naitiret ya sauka 12, alkaliniti yana 8.3 kwana goma bai motsa ba. Rifraktomita ta yi kuskure kaɗan, 1.024 nake, na gyara a hankali ta wajen sa ɗan gishiri a ruwan cikewa. Fitila tana kashi tamanin. Montifora ta buɗe bakunanta. Rassa biyu nama ya sake rufe bakinsu, jiya da dare na haska tocila na ga 'yan hannuwa sun fito a kai. Na ukun gansakuka kore ta hau farin. Jikin reshen kuma ruwan ƙasa yana dawowa, shuɗin sai a gefen da ke kallon fitila. In yanke bakin da ya mutu ko in bar shi?

Malam_Nuhu
Alhamdu lillahi. Ka yanke, ka sauka kaɗan cikin lafiyayyen nama, zai rufe wurin da kansa.

Dattijo_Murjani
Ni da zan bar shi mako biyu tukuna. Dabbar yanzu take farfaɗowa.

Hasken_Shuɗi
Ka ce shuɗin yana gefen fitila kawai. Maganata ta farko ke nan. Ka samu aron na'urar PAR ka auna daidai inda reshen yake kafin ka mayar da fitila kashi ɗari, ka turo mana lambar, da hoton reshen a farin haske.